Takalmin gudun daji a titunan Zariya: amsa ga malamin da ke fama da ciwon dunduniya

Wani malamin makarantar sakandare da ke zaune a Hayin Dogo, Samaru, ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana taka kusan kilomita 3 zuwa wurin aiki kowace safiya, ya sake taka su da yamma, wani ɓangaren hanyar kwalta ne, wani kuma burji ne da jar ƙasa, sannan yana shafe sa'o'i huɗu zuwa biyar a tsaye a kan daɓen siminti yana koyarwa. Ya ƙara da cewa dunduniyarsa ta dama tana yi masa ciwo idan ya sauko daga gado da asuba. A wurin 'yan gwanjo na Kasuwar Sabon Gari ya ga takalmin Salomon Speedcross mai manyan haƙora a ƙasa, mai sayarwa kuma ya ce masa da wannan takalmi ko ƙusa ya taka ba zai ji ba. Yana so ya sani ko irin wannan takalmi, wanda aka yi domin gudu a hanyoyin daji da kan duwatsu, zai dace da zirga-zirgar yau da kullum.

Malam, zai iya dacewa, amma ba wanda ka gani ba. Na daɗe ina aikin gashi da motsa gaɓoɓi, ina kuma gudu da sassafe, kuma abin da na fi gani shi ne mutane suna sayen takalmi saboda abin da ido ya hango a ƙasansa, alhali jin daɗin ƙafa daga wani wuri dabam yake fitowa. Haƙoran nan da suka burge ka aikinsu shi ne riƙe ƙasa, ba hutar da ƙafa ba. Abin da ke hutar da ƙafa shi ne soson da ke tsakanin tafin ƙafarka da robar ƙasa, da faɗin gaban takalmin, da yadda bayansa ya kama dunduniya. Idan waɗannan uku sun yi daidai, takalmin zai yi maka daɗi ko da haƙora ko babu. Idan ba su yi daidai ba, haƙoran ba za su gyara komai ba, sai ma su ƙara maka wata matsalar.

Bari mu fara da haƙoran, tunda su ne suka ja hankalinka. Asalin irin wannan ƙasan takalmi daga masu hawan tsaunuka ya fito. Wani ɗan Italiya mai suna Vitale Bramani ne ya kafa kamfanin Vibram mai yin robar ƙasan takalmi a 1937, bayan wasu abokan hawansa sun rasu a tsaunukan Alps a 1935, hatsarin da aka danganta wani ɓangarensa da rashin takalmin da ya dace. Tun daga lokacin manufar ɗaya ce, wato a samu roba mai kama dutse da haƙora masu nutsewa cikin ƙasa mai laushi. A takalman gudun daji na yau zurfin haƙoran yakan fara daga milimita 3, ya kai 5 ko 6, na laka sosai ma ya wuce haka. Speedcross yana cikin masu zurfin haƙora, kuma haƙoran nasa a warwatse suke domin taɓo ya riƙa zubewa maimakon ya danƙare. A gonar da aka yi wa ruwa jiya, ko a gangaren da ciyawa ta rufe, babu abin da ya kai shi. A kan kwalta da siminti kuwa haƙoran ba su da inda za su nutse, don haka nauyin jikinka gaba ɗaya yana sauka ne a kan 'yan tsirarun kawunan roba. Bayan sa'a biyu ko uku a tsaye za ka fara jin su suna tokarin tafin ƙafarka ɗaya bayan ɗaya, musamman idan soson ya riga ya kwanta, kamar yadda na gwanjo yakan kasance.

Akwai kuma asarar kuɗi a ciki. Robar da ake sa wa takalman daji da yawa ta fi ta takalmin kwalta laushi, domin laushin ne ke sa ta manne wa dutse. Kwalta kuwa tamkar dutsen wasa wuƙa ce gare ta. Cikin 'yan watanni za ka juya takalmin ka tarar haƙoran gefen dunduniya na waje sun cinye sun zama sumul, na tsakiya suna nan da tsayinsu, sai takalmin ya karkace yana jefa ƙafarka gefe a kowane taku. Daga nan ne ciwon idon sawu da na gwiwa ke samun ƙofa.

Abu na uku game da haƙora shi ne wanda mutane ba su cika yarda da shi ba sai ya same su. Takalmi mai manyan haƙora ya fi santsi a kan tayil mai ruwa fiye da kambas na kwalta, domin robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Ni kaina na taɓa koyon wannan darasi a wurin alwala na wani masallaci. Na dawo daga hawan Dutsen Kufena, inda takalmin ya riƙe ni a kan falalen dutse babu ko gezau, na shigo da ƙarfin gwiwata na taka tayil ɗin da ruwan buta ya jiƙa, sai kawai na ji ƙafata ta tafi ta bar ni. Da ban dafa bango ba da na kai ƙasa, kuma na yi mako guda wuyan hannuna yana tuna mini. Wanda zai riƙa shiga ofis, asibiti, banki ko banɗaki mai tayil ya sa wannan a lissafinsa.

Duk da haka, ba zan ce maka ka koma wa takalmin kwalta zalla ba, domin Zariya ba garin kwalta zalla ba ce. Wanda ya taso daga Hayin Dogo ko Hanwa ko lungunan Tudun Wada ya san cewa kafin ya kai babban titi sai ya ratsa burji, da tsakuwa, da gefen kwata, da ramukan da ruwa ya zaizaye. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta, jar ƙasar nan takan zama caɓi mai santsi kamar sabulu, da hunturu kuma ta koma ƙura mai shiga ko'ina. A irin wannan hanya takalmin daji yana da fa'idodi na gaske. Gabansa yana da ƙarin roba mai kare yatsu daga tuntuɓe, yadin samansa ya fi kauri da ƙanƙantar ƙofofi, don haka ƙura da yashi ba sa shiga kamar yadda suke shiga kambas mai raga, gefunansa kuma sun fi ƙarfi wajen hana ƙafa gurɗewa idan ka taka dutse a karkace. Saboda haka abin da ya dace da kai shi ne na tsaka-tsaki, wanda aka yi domin kwalta da daji a haɗe, mai haƙora gajeru na milimita 3 zuwa 4, masu faɗin kai kuma a jere kusa da juna. Nike Pegasus Trail da Hoka Challenger da Asics Gel-Venture duk daga wannan rukuni suke, kuma irinsu suna faɗowa cikin dilar gwanjo. Ba sunan nake so ka haddace ba. Ka juya takalmin ka shafa ƙasansa da tafin hannu: idan ka ji kamar ka shafa tayar mota, ya yi, idan ka ji kamar tayar tarakta, ka ajiye wa manomi ko mafarauci.

Wasu takalman daji suna da wani faranti mai tauri a ɓoye cikin soson, wanda aka sa domin kada kaifin dutse ya soki tafin ƙafa. Shi ne gaskiyar da ke cikin maganar mai sayarwa cewa ko ƙusa ka taka ba za ka ji ba, ko da yake ƙusa kam kada ka gwada. A gaban allo wannan faranti ba shi da aikin yi sai sa takalmin ya ƙi lanƙwasa. Ka riƙe takalmin da hannu biyu ka tanƙwara gabansa sama. Ya kamata ya lanƙwashe a daidai inda yatsu suka haɗu da tafin ƙafa, ba tare da ka yi kokawa da shi ba. Idan ya ƙi kamar katako, ba na aji ba ne. Idan kuma ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, ya mutu, ko kuma tun asali jabu ne.

Yanzu ga batun dunduniyarka, wanda a wurina ya fi zaɓen takalmin muhimmanci. Ciwon da ke kama ƙasan dunduniya a takun farko da asuba, ya lafa bayan ka ɗan zagaya, sannan ya dawo idan ka daɗe a zaune ka miƙe, yawanci daga wata jijiya mai faɗi yake, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta miƙe har gindin yatsu tana riƙe da bakan tafin ƙafa. Doguwar tsayuwa a kan siminti, da ƙarin nauyin jiki, da taurin naman sha-raɓa, da takalmi marar soso, su ne abokan wannan ciwo. A nan akwai wani ma'auni da ya kamata ka sani, wato bambancin tsayi tsakanin dunduniyar takalmi da gabansa. A takalman gudu yakan kama daga sifili zuwa milimita 12. Takalmin Altra, misali Lone Peak, ba shi da wannan bambanci ko kaɗan, dunduniya da yatsu a layi ɗaya suke, kuma yana da faffaɗan gaba mai daɗin gaske ga yatsu. Yawancin na Hoka suna tsakanin 4 da 5. Ga mai ciwo irin naka na fi son milimita 8 zuwa 10, domin ɗan tudun dunduniya yana sassauta jan da agara da sha-raɓa ke yi.

Na taɓa duba wani ma'aikaci da ya shafe shekaru yana sa sau-ciki mai tudun dunduniya, sai ɗan'uwansa ya aiko masa da takalmin daji marar tudu ko kaɗan. Ya ji daɗin faɗinsa, ya shiga sa shi daga safe har dare tun ranar farko. A mako na uku ya zo yana ɗingishi, da na matsa agararsa da yatsu biyu, kamar faɗin yatsa uku sama da ƙashin dunduniya, sai da ya ɗaga daga kan gadon. Takalmin ba shi da laifi, gaggawar ce ta cuce shi. Jijiya tana bukatar makonni kafin ta saba da sabon tsayi, don haka duk wanda zai sauya daga mai tudu zuwa marar tudu ya fara da sa'a ɗaya ko biyu a rana, yana ƙarawa sannu a hankali. Mu da muka taso da silifa da takalmin fata marar tudu mun fi samun sauƙin wannan sauyi fiye da wanda ƙafarsa ta girma cikin sau-ciki, amma mai ciwo a halin yanzu ba lokacin gwaji ba ne gare shi.

Kada kuma ka ɗora wa takalmi abin da ba zai iya ba. Kafin ka sauko daga gado, ka kama yatsun ƙafar ka ja su zuwa ƙauri na daƙiƙa 30, sau uku. Da rana ka dafa bango, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, har ka ji sha-raɓa ta ja. Da dare ka murza tafin ƙafar a kan gorar ruwa mai sanyi na minti goma. A cikin gida ma ka daina taka siminti ba takalmi har ciwon ya lafa. Idan aka yi makonni shida babu sauƙi, ko ka ji ƙafar tana dindiris ko zafi kamar wuta, ko ta kumbura, ka je a duba ka. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Akwai wani tarko da masu sayen takalmin daji ke faɗawa da damina. Za ka ga an rubuta GTX ko Gore-Tex a gefen wasu, alamar cewa an shimfiɗa musu wani siririn yadi a ciki mai hana ruwa shiga. A ƙasashen sanyi da dusar ƙanƙara wannan ni'ima ce. A Zariya, inda zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, ƙafarka za ta dahu a ciki. Yadin yana fitar da gumi, amma ba da saurin da ƙafa ke zubar da shi a irin zafinmu ba. Da damina ma amfaninsa taƙaitacce ne, domin idan ka faɗa kududdufin da ya haura idon sawu ruwan zai shiga ta sama, kuma abin da ya hana shi shiga ta gefe shi ne zai hana shi fita. Takalmi marar wannan yadi zai jiƙe da wuri, amma zai bushe kafin gobe. Mai GTX yakan kwana biyu yana wari.

Danshi yana da wata fuska a wurinmu da masu ƙera takalman ba su yi tunaninta ba. Muna wanke ƙafa sau da yawa a rana domin alwala, kuma da yawa daga cikinmu muna zura ƙafar cikin safa tana jiƙe saboda sauri. Rufaffen takalmi mai kaurin yadi, da ɗumi, da danshi tsakanin yatsu, su ne abin da ƙwayar cutar ƙaiƙayin yatsu take nema, har fatar ta yi fari ta tsage. Ƙaramin tawul a aljihun jaka da safa ta biyu a aljihun teburinka sun wadatar. Safar da aka yi domin wasanni ta fi ta auduga zalla saurin bushewa, domin auduga tana shan gumi ta riƙe. Cirewa da sawa sau biyar ko fiye a rana kuma yana jawo wata ɗabi'a da ke kashe takalmi kafin lokacinsa, wato take bayansa a mayar da shi silifa daga ƙofar masallaci zuwa ofis. Wannan bayan da ake takewa shi ne ke riƙe dunduniya a tsaye, kuma idan ya karye ba ya komawa. A nan dole in yaba wa Salomon, domin siririyar igiyarsu da ake zugewa da hannu ɗaya ta dace da mai yawan cire takalmi. Sai dai yawancin takalmansu matsattsu ne a gaba, ƙafar da ta saba da sakewa a silifa kuwa yatsunta a baje suke, shi ya sa nake yawan ganin bororo a ƙaramin yatsa da baƙin farce a babban yatsa ga waɗanda suka saye su a kan lambar da suka saba.

Lamba ma ba abin dogaro ba ce, domin 43 na wani kamfani ba ita ce 43 ta wani ba. Ka je kasuwa da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Ka gwada ƙafa biyun, domin kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Ka tsaya a tsaye ka tabbatar akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, wajen santimita ɗaya, tsakanin yatsanka mafi tsawo da ƙarshen takalmin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaro shimfiɗar ciki ka ajiye ta a ƙasa ka taka. Idan gefen ƙafarka ya zubo waje da ita, takalmin ya yi maka ƙunci, kuma kada ka yarda da zancen cewa zai buɗe, domin takalmin daji da aka ƙarfafa gefunansa da roba ba ya buɗewa kamar fata.

Tunda gwanjo za ka saya, sai ka ƙara ido. Masu ƙera takalman gudu sukan ce soson yana ƙarewa tsakanin kilomita 500 zuwa 800 na gudu, kuma mai gudu a Turai ko Amurka yakan rabu da takalminsa ne daidai lokacin da ya ji soson ya daina dawowa, alhali samansa yana nan kamar sabo. Wato akwai yiwuwar abin da ya iso Sabon Gari ya riga ya ba da mafi yawan abin da yake da shi. Ka duba gefen soson: idan ya cika da layukan tamoji kamar fatar tsoho, ya kwanta. Ka zura babban yatsanka ciki ka danna wurin dunduniya, ka ji ko yana turo ka ko kuwa ka tarar da rami mai tauri. Ka ajiye takalmin a kan benci ka tsuguna ka dube shi ta baya. Idan ya jingina gefe ɗaya, tafiyar mai shi na farko ce ta zauna a cikinsa, kuma ita zai koya wa ƙafarka. Wasu kamfanoni suna buga watan da shekarar ƙira a takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmin, ka duba. Takalmin da ya shekara bakwai ko takwas, ko da ba a taɓa sa shi ba, gam ɗinsa yakan saki, wani nau'in soson ma yakan ruɓe ya marmashe saboda danshi. Ƙasan da ya ɓantare shumeka zai iya mayar maka da shi da gam da ɗinki, amma soson da ya mutu babu shumekan da zai tashe shi.

Ka yi lissafin naka ma. Kilomita 6 a rana, kwana biyar a mako, ya kama kusan kilomita 120 a wata, ban da tsayuwar aji. Tafiya ba ta dukan soso kamar gudu, don haka sabon takalmi zai iya kai ka shekarar karatu guda, na gwanjo mai kyau kuma wataƙila rabin haka. Idan aljihu ya yarda, biyu masu matsakaicin kuɗi da za ka riƙa musanyawa sun fi ɗaya mai tsada, domin kowanne zai samu yini guda ya bushe. Idan ya jiƙe, ka cire shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Shanya shi a kan kwanon rufi da tsakar rana, ko kusa da murhu, yana narkar da gam yana kuma ƙanƙantar da soso. Jar ƙasa kuma a bar ta ta bushe a kakkaɓe da buroshi, sannan a wanke da ruwa da ɗan sabulu.

Idan kana da ciwon suga, maganar ta ƙara nauyi. Wannan ciwo yana iya rage jin ƙafa, ta yadda tsakuwa za ta kwana a cikin takalmi tana cin fata mai ita bai sani ba. Mai suga ya zura hannu cikin takalmi kowace safiya kafin ya sa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, kuma gara ya guji gwanjo, domin ɗinkin ciki da ya goge ko shimfiɗar da ta ɗauki siffar ƙafar wani na iya buɗe masa gyambon da zai yi wuyar warkewa.

A matsayinka, Malam, da ni ne zan bar Speedcross ɗin nan a inda yake, sai fa idan kana da gona a wajen gari da kake zuwa da damina, to a can zai biya ka kuɗinsa. Domin makaranta ka nemi mai gajerun haƙora, marar GTX, mai tudun dunduniya na milimita 8 zuwa 10, mai faɗin gaba, wanda bayansa ba ya lotsewa idan ka matsa shi da yatsu. Idan ka samu, kada ka biya kafin ka roƙi mai shagon ya bar ka ka taka zuwa ƙarshen layin ka dawo, a kan siminti ba a kan kwalin da ya shimfiɗa ba, kuma a makon farko ka riƙa tafiya da tsohon takalminka a jaka, ka sauya da azahar.